Gahawar Biyetnam da Teburin Aboki



A faransancin titunan Abijan akwai kalmomi biyu na Hausa da kowa ya sani, Bawule da Bete da Jula da Ebriye, har wanda bai iya amsa "sannu" ba. Ta farko ita ce garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, abincin da ya ɗauki sunan mutanenmu da suka yi fice da sayar da shi. Ta biyu ita ce aboki. A nan ƙasar idan aka ce aboki, ana nufin mutumin nan mai dogon tebur da benci biyu, mai tukunyar ruwan zafi da gwangwanayen Nescafé da madara, wanda ke shafa wa burodi man shanu tun kafin a kira assalatu. Iyayenmu ne ke kiran kowane mai saye da "aboki", sai kalmar ta juyo ta zauna a kansu, ta zama sunan sana'ar baki ɗaya.

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da littattafan mai gidanmu, dattijon da jama'armu ke kai wa ƙara da shawara. A cikinsu ake rubuta gudummawar jana'iza, da kuɗin motar wanda ciwo ya kayar aka mayar da shi Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi, da kuɗin tabarmin masallaci. Duk wanda ya buɗe waɗannan shafuka zai ga cewa kaso mai yawa na abin da ya riƙe zumuncinmu daga teburin shayi ya fito, dala biyar biyar, dala goma goma. Zai kuma ga wani abu da ke damuna: sunayen masu teburin suna raguwa. Idan tsoho ya gaji ya koma gida, ko rai ya yi halinsa, ba kasafai ake samun ɗansa a bayan teburin ba. Yaron da aka haifa a Adjamé, ya yi lakwal, ya ji yadda 'yan ajinsu ke furta kalmar aboki, ya fi son ya tsaya bakin titi yana tallan wayoyin hannu na wani da ya gaji tukunyar ubansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan shi ne wani abin sha. 'Yata ta biyu ce ta zo mini da waya bayan sallar la'asar, ta ce, "Baba, duba wannan. Kafen Biyetnam ne mai ƙanƙara. Ana sayar da irinsa a wani shago a ƙetaren gada, ƙawayena duk sun sha." Na tambayi kuɗinsa, ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, domin kuɗin tambulan ɗaya ya isa karin kumallon mutum biyar ko shida a teburin aboki. Na karɓi wayar na kalla. Baƙar gahawa ce ke ɗiga a hankali daga wani ɗan mataci na ƙarfe, tana sauka a kan madarar gwangwani mai kauri. Aka motsa, aka juye a kan ƙanƙara, sannan aka zuba wasu baƙaƙen ƙwallaye masu sheƙi suka kwanta a gindin tambulan. Na ce, "Waɗannan fa, mene ne su?" Ta ce tapiyoka ne. Na ce, "'Yar nan, rogo ke nan. Gahawa, madarar gwangwani, sukari, rogo. Wanne ne a cikinsu babu shi tsakanin ƙofar gidan nan da kasuwar Adjamé?"

Wannan kamanni yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihi. Hannu ɗaya ne ya shuka gahawa a ƙasashen biyu. Ana ba da labarin cewa limaman mishan na Faransa ne suka kai ta Biyetnam a 1857. A nan Kodebuwa kuwa, gonar farko da ta yi suna ita ce ta ɗan kasuwar Faransa Arthur Verdier a Elima, kusa da Assinie, a farkon shekarun 1880. Irin da ya karɓi ƙasashen biyu shi ne robusta, mai ɗaci da ƙarfi, wanda sinadarin hana barcinsa ya kusa ninka na arabika sau biyu. Madarar gwangwani ma hanyarta ɗaya: ƙasa ce mai zafi, nonon shanu ba ya wadata kuma ba ya kwana, sai aka koma ga wadda aka dafe da sukari aka rufe a gwangwani. Abin da ya sa mutumin Saigon ya zuba ta a gahawarsa, shi ne ya sa aboki na Treichville yake huda gwangwanin Bonnet Rouge da bakin wuƙa kowace asuba.

Gahawa tana cikin abubuwan da suka gina garin nan da muke ci a cikinsa. Félix Houphouët-Boigny manomi ne kafin ya zama shugaba, kuma ƙungiyar manoman Afirka da ya jagoranta a 1944 ta taso ne daga koke-koken masu gonakin koko da gahawa. A Treichville ɗin nan aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a Afrilun 1946, a watan da aka zartar da dokar soke aikin tilas mai ɗauke da sunansa. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka samu shiga tafkin Ebriye, buhunan gahawa daga Man da Daloa da Gagnoa da Divo suka riƙa kwarara zuwa tashar jiragen ruwa. Masu ɗaukar buhunan nan da asuba, a teburin wa suke karyawa? A shekarun 1970 Kodebuwa ce ta ɗaya a Afirka wajen noman gahawa, ta uku a duniya bayan Barazil da Kolombiya. A lokacin Biyetnam tana fita daga yaƙi, ba a ko lissafa ta a wannan kasuwa.

Sai zamani ya juya. A 1986 Biyetnam ta sassauta tsarin tattalin arzikinta, manoma suka bazu a tsaunukan tsakiyar ƙasar, musamman kewayen garin Buon Ma Thuot, suna dasa robusta suna ba ta ruwa da taki. A 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade wa kowace ƙasa adadin da za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 Biyetnam ta zama ta biyu a duniya, kuma har yau ita ce kan gaba a robusta, tana girbe fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a yawancin shekarun nan. A nan kuwa itatuwa suka tsufa, manoma da yawa suka koma koko da roba, rikicin 2002 da na 2010 suka ƙara nasu. Wanda ya tarar da mu a gaba ya wuce mu, har ga shi 'ya'yanmu suna sha'awar gahawa da sunansa.

Wannan ma ba shi ne karo na farko da girkin Biyetnam ya shigo mana gari ba. Nem ɗin da ake jerawa a faranti a bukukuwan Abijan da Dakar nasu ne. Sojojin Afirka da Faransa ta kai yaƙin Indoshin, wanda ya ƙare a 1954, wasunsu sun dawo da matan aure daga can, matan kuma suka zo da hannunsu na girki. Yau yaro yana cin nem bai san ya taɓa zama baƙo ba. Ƙwallayen rogon kuwa ba na Biyetnam ba ne tun asali. A tsibirin Taiwan aka fara zuba su a shayi mai madara a shekarun 1980, daga baya matasa suka haɗa su da gahawar Biyetnam. Shi kansa rogon daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka. Ashe tambulan ɗaya ya tara tafiyar nahiya huɗu.

Kafin a kunna wuta a gidana sai da maganar ta je gaban mai gida, domin wani daga cikin dattawan zaure ya ji labari ya ce shi bai yarda da abin da ya fito daga ƙasar da ba a salla ba, balle waɗannan ƙwallaye masu santsi da bai san da me aka ƙulla su ba. Tambayarsa tana kan hanya, domin akwai kayan zaƙi na kanti da ake daskarar da su da abin da aka tatso daga ƙashi da fatar dabba, kuma mai taƙawa yana da haƙƙin ya bincika. Mai gida ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka yi karatu, me ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar da muka karanta a gaban malamanmu ita ce asalin abinci halal ne har sai dalilin haramci ya bayyana. Ƙwallayen nan sitacin rogo ne da ruwa da sukari, idan a gida aka murza su babu abin da ya shige su. Ita kuwa gahawa, ta riga ta sha wannan shari'a tun kafin a haifi kakanninmu." Na ba su labarin yadda sufayen Yaman suka riƙa shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, da yadda wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya hana ta a 1511, hanin bai daɗe ba, da yadda malam Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa littafi sukutum a kan halaccinta a wannan ƙarni na 16. Mai gida ya yi murmushi ya ce, "To, a yi a kawo mu gani. Gani ya kori ji."

Ga yadda muka yi, ga wanda yake so ya gwada.

Aikin yana farawa da rogo, domin shi ne mai cin lokaci. Ana buƙatar sitacin rogo fari tas, busasshe, mai laushi kamar hoda. Matan da ke yin aceke suna samun sa daga ruwan da suke matsewa, idan ya kwanta a gindin roba, kuma ana samun na leda a kantuna. A nemi na ci, a faɗa wa mai sayarwa cewa na ci ake so, domin wanda aka tanada don masu wanki da guga ba a kula da tsabtarsa haka. Idan yana da tsamin aceke a jiƙa shi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye, a maimaita har warin ya fita, sannan a shanya. Ƙananan tapiyokan nan da matan Togo da Benin ke sayarwa, wanda muke kunu da shi da azumi, ɗan'uwansa ne, amma ya yi ƙanƙanta ga wannan aiki.

A auna sitaci kofi ɗaya. A ɗora ruwa kamar sulusin kofin a wuta tare da cokali uku na jan sukari. Mu da mazarƙwaila muka yi, wadda wani ɗan'uwa ya zo mana da ita tsaraba daga gida, kuma ƙamshinta ya fi na sukarin kanti nesa ba kusa ba. Sirrin aikin duka yana wuri ɗaya: sai ruwan yana tafasa sosai za a zuba cokali biyu na sitacin a ciki a tuƙa da sauri har ya yi yauƙi kamar koko mai kauri. Daga nan a sauke, a juye sauran sitacin, a cuɗa da zafinsa har ya zama curi mai laushi da ba ya manne wa hannu. Idan da ruwa mai ɗumi kawai aka kwaɓa, sitacin rogo ba ya haɗuwa, sai ya riƙa narkewa a tafin hannu yana tsagewa. A murza curin ya yi tsawo kamar igiya, a yayyanka, a mulmula kowane yanki ya yi girman ƙwayar gyaɗa, a barbaɗa masa busasshen sitaci kada su manne. Wannan aikin hira ne, yana son hannu da yawa. A gidana uwargida da 'yan mata uku suka zauna a kansa, kafin a kira magariba sun cika faranti.

A tafasa ruwa mai yawa, a zuba ƙwallayen ana motsawa har su taso sama, a bar su su dahu minti 20, a kashe wuta a rufe tukunya su ƙara minti 20. A tsame, a ɗauraye da ruwan sanyi, a juye su cikin ruwan mazarƙwaila da aka dafa ya yi kauri. Za su yi duhu, su yi sheƙi, su yi danƙo a haƙori. Ba sa kwana, kuma ba sa son firji, domin sanyi yana mayar da su kamar tsakuwa. Abin da aka dafa da yamma a shanye shi kafin a kwanta.

Sai gahawa. A nan ne aka rabu da hanyar da muka saba. Garin Nescafé, wanda ake sarrafawa a nan Abijan tun farkon shekarun 1960, yana narkewa nan take, shi ya sa ya dace da mai sauri. Wannan kuwa tana son ƙwayar robusta da aka soya ta yi duhu, aka niƙa ba ta yi laushi ƙwarai ba, kamar tsakin gero. Matacin da mutanen Biyetnam ke kira fin ɗan kofi ne na ƙarfe mai ƙananan huji a gindi, da faifan dannawa a ciki, da murfi. Na zana shi a takarda na kai wa wani maƙerin farin ƙarfe a Adjamé, cikin masu ƙera murhu da mazurari, washegari ya ba ni guda uku. A zuba madarar gwangwani cokali biyu a tambulan, a ɗora matacin a bakinsa, a sa garin gahawa cokali uku, kimanin giram 20, a danna shi kaɗan. A fara zuba ruwan zafi ɗan kaɗan, a jira rabin minti garin ya kumbura, sannan a cika a rufe. Daga nan babu abin yi sai jira. Ɗigo ɗaya bayan ɗaya, minti huɗu zuwa biyar. Idan ta zubo da gudu niƙan ya yi tsaki-tsaki da yawa ko ba a danna ba, idan ta ƙi sauka an danne ta fiye da kima. In ta gama a motsa har baƙi da fari su zama ruwan ƙasa, a sa ƙwallaye cokali biyu a wani dogon tambulan, a cika da ƙanƙarar ruwa mai tsabta, a juye a kai. Wanda ba shi da bututun zuƙa mai faɗi, dogon cokali ya wadatar.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai zaure. Dattijon da ya yi tambaya shi ya fara karɓa, ya yi bismilla, ya kurɓa, ya tauna ƙwallo ɗaya ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Wannan ai ɗanwake ne ya faɗa a shayi." Zaure ya kwashe da dariya, amma bai ajiye tambulan ba sai da ya ga gindinsa. A cikin masu zaman akwai wani tsoho da ya shekara fiye da talatin a bayan tebur kusa da tashar jirgin ƙasa ta Treichville. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki matacin yana jujjuya shi, ya tambayi nawa maƙeri ya karɓa, ya tambayi tambulan nawa gwangwanin madara ɗaya zai fitar. Na ga leɓunansa suna motsi, ya shiga lissafi. Can ya ce, "Malam, teburina daga hantsi zuwa la'asar a kwance yake, ba mai shan ruwan zafi da tsakar rana. Wannan kuwa abin rana ne."

Maganarsa ita ce ta tsaya mini a rai. Sana'ar aboki an gina ta a kan gaggawar asuba: lebura da direban gbaka da mai gadi da ya kwana a bakin aiki, kowa yana so a miƙo masa kafin ya zauna. Ta ciyar da mu shekaru masu yawa, ba kuma za a raina ta ba. Amma kayan da ke kan teburin sun fi abin da muke fitarwa daga cikinsu. Mutanen Biyetnam sun ɗauki gahawar da aka ce ta fi kowace arha, da madarar da aka ƙirƙira saboda rashi, suka ba su minti biyar na haƙuri da tambulan mai tsabta, suka kira abin da sunan ƙasarsu ba tare da jin kunya ba. Yau ana sayar da shi a Faris da Dubai. Maƙwabtanmu ma sun nuna mana irin wannan a kan rogo: matan Ebriye da Ajukuru da Alajan sun riƙe aceke da daraja, har a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa sanin yin sa cikin gadon al'adun duniya. Garba da ake ci a kowace unguwa sunanmu ne a kansa, aboki ma sunanmu ne. Mutane kaɗan ne a garin baƙunci suka samu harshen masu gari ya karɓi kalmominsu har biyu, a kan abin da ake ci da abin da ake sha. Wanda ya gaji irin wannan suna yana da jarin da mai shagon ƙetaren gada zai biya kuɗi mai yawa ya samu.

Ba ina cewa ƙwallayen rogo za su dawo da kowane yaro bayan teburin ubansa ba. Ƙanƙara tana son wuta da firji ko akwatin sanyi, ƙwallaye suna son hannu, kuma wanda ya dafa da yawa bai sayar ba ya yi asara a ranar. Akwai kuma abin kiyayewa. Zaƙinsa yana da yawa, dattawanmu masu ciwon sukari da hawan jini su yi hattara, ko su rage madara su bar ruwan mazarƙwaila. Robusta da aka tace haka tana da ƙarfi, wanda ya sha bayan isha'i zai ji kiran assalatu ido biyu. Ƙananan yara kuma kada a ba su ƙwallayen, suna iya sarƙe su.

Ɗan tsohon nan na Treichville, wanda ya shekara biyu yana ƙin tsayawa a teburin, shi ne ya zo gidana da kansa ya ce, "Kawu, a ara mini mataci ɗaya, kuma Inna ta nuna mini yadda ake tuƙa sitacin." Ya yi sati yana ɓata gari kafin hannunsa ya faɗa. Yanzu uban yana riƙe da asuba, ɗan yana karɓa daga azahar, da akwatin ƙanƙara a ƙarƙashin benci. Ya tambaye ni sunan da zai rubuta a allo, ko ya sa na Biyetnam don ya ja 'yan lakwal. Na ce ya rubuta gaskiya: hanyar tacewa ta Biyetnam ce, gahawar ta Man ce, rogon na bakin tafki ne, teburin kuwa na aboki ne. A watan da ya wuce na buɗe littafin gudummawa, na rubuta sunansa a ƙarƙashin na mahaifinsa, da nasa kason daban.

Masu tebur da ke karanta wannan, ko 'ya'yansu da ke karanta musu, matacin nan biyu suna nan a wurina, duk mai so ya zo ya kai wa maƙeri ya kwaikwaya. Iyayenmu mata da suka iya sarrafa rogo kuma, a taimaka wa yaran da hannu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa teburan nan, Ya ba ƙasar da ta karɓe mu zaman lafiya.